Wata 13 da manhajar zuba jari: ba a sace mini ko sisi ba, amma na ji jiki

A watan Nuwamba na 2021 na sauke manhajar, kuma ko da gangan aka ce in zaɓi mummunan lokaci, ba na jin zan zaɓi wanda ya fi wannan. A watan ne Bitcoin ya kusa dala 69,000, a watan ne kuma ma'aunin Nasdaq, inda manyan kamfanonin fasaha na Amurka suka taru, ya haura 16,000. Makonni kaɗan kafin nan Facebook ya sauya sunan kamfaninsa zuwa Meta, ana ta labarin wata duniya da za mu riƙa shiga da tabarau. Kowa ka taɓa zancen gobe yake yi. Ni kuwa ga 'yan kuɗin da na daɗe ina tarawa, suna ajiye hauhawar farashi na gutsurarsu.

Gaskiya ɗaya ce, manhajar tana da daɗin sha'ani. Cikin minti goma na yi rajista. Ba sai kana da kuɗin cikakken hannun jari ba, ana sayar maka da ɗan gutsure daidai ƙarfinka. Lissafinta bai taɓa rikicewa ba, ba ta taɓa ɓatar mini da komai ba. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Kafin a buɗe maka asusu akwai 'yan tambayoyi, wai don a auna juriyarka. Ɗaya na cewa: idan jarinka ya faɗi da kashi 20 cikin 100, me za ka yi? Ka sayar, ka jira, ko ka ƙara saye? Ina kwance a gado, ƙafa ɗaya kan ɗaya, na danna "ƙara saye". Nan take aka yi mini laƙabi da mai ƙarfin hali, aka miƙo mini wani kwando mai suna kamfanonin gobe: masu taron bidiyo, masu motocin lantarki, masu biyan kuɗi ta intanet, masu na'urar motsa jiki a gida. Wanda bai taɓa asarar komai ba aka tambaya ko yana da haƙurin asara, aka kuma yarda da amsarsa. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar ce dai ba ta zo ba tukuna.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne abin da ba a faɗa mini ba. An nuna mini zanen riba na 'yan shekarun baya, layi yana ta hawa kamar tsani. Ba wanda ya ce in ja zanen baya in ga Maris na 2000, lokacin da Nasdaq ya kai 5,048 sannan ya rikito, bai sake ganin wannan matsayi ba sai 2015. Shekara 15! Kuma ba wanda ya ambaci kuɗin ruwa, alhali shi ne wuƙa da naman maganar. Daga Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga shi, daga kusan sifili har ya wuce kashi 4 cikin 100 kafin ƙarshen shekara. Yawancin kamfanonin da ke kwandona ba riba suke ci ba, alƙawarin riba suke sayarwa, ta nan da shekara goma. Muddin ajiya ba ta kawo komai, masu kuɗi za su jira alƙawari. Da takardun bashin gwamnati suka fara biya ba tare da fargaba ba, sai kowa ya kama gabansa. Wannan bayanin bai fi layi uku ba, amma sai da na yi asara na je na nemo shi da kaina.

A 2022 Nasdaq ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Meta ya rasa sama da kashi 60 cikin 100 na darajarsa. Netflix ya faɗi da kusan kashi 35 a yini guda cikin Afrilu, bayan ya sanar da raguwar masu biyan kuɗin kallo da 200,000. Hannun jarin Zoom da ya haura dala 500 a 2020 ya dawo ƙasa da 100. In manya suka sha haka, ina ga ƙanana? Kwandona ya rasa fiye da rabi. An ce mini an rarraba jarina a kamfani kusan talatin don rage haɗari, ashe duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ranar faɗuwa, duk allon ja ne.

Asarar kuɗi daban, asarar natsuwa daban, kuma ta biyun ce ban yi tsammani ba. Manhajar ba ta barin mutum ya manta da ita. Sanarwa in an hau, sanarwa in an sauka, sanarwa in ka kwana biyu ba ka leƙa ba. Ina tuna wani yammaci da 'yata ta kawo mini zanen da ta yi, gida da wata bishiya da ta fi gidan tsawo. Wayar na hannuna, kasuwa ta buɗe da ja. Na ce "ya yi kyau" ban ɗago ba. Ta tsaya jim, ta ce, "Baba, ai a juye ka riƙe shi." Na zuba kuɗin ne don hankalina ya kwanta game da gobenta, sai ga shi ko kallonta ba na yi.

Kuɗin hidima kuwa ba ruwansa da ja ko kore, duk wata sai an yanka. Zuba kuɗi daƙiƙa ne, cirewa kwanaki. Wani ɓangare ba laifinsu ba ne, domin a lokacin kwana biyu na aiki ake ɗauka kafin cinikin hannun jari ya kammala a Amurka. Sauran kwanakin ne ba wanda ya iya yi mini bayaninsu. Na rubuta ƙorafi, wani mutum-mutumi ya amsa da cewa ya fahimci damuwata, ya turo mini shafin da na riga na karanta sau biyu.

Na sayar da komai a Disamba na 2022. FTX, wata babbar kasuwar cinikin kuɗin kirifto irin su Bitcoin, ta durƙushe a watan da ya gabata, kuma ko da yake harkarta daban da ta manhajata, tsoro ba ya tsayawa bambancewa. Mai ƙarfin halin nan da ya ce zai ƙara saye, shi ne ya fita da gudu dab da ƙasan rami. A 2023 Nasdaq ya tashi da sama da kashi 40 cikin 100, ina gefe ina kallo. Wannan kam nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Sai dai manhajar da ta iya tura ni ciki da dannawa ɗaya, ba ta tanadi ko jimla guda da za ta sa in dakata a bakin ƙofa ba.

Tauraro biyu cikin biyar na ba ta: ɗaya don lissafinta daidai ne, ɗaya don kuɗina, abin da ya rage, sun dawo. Ban goge ta ba saboda takardun bayanan asusu. Kwanan baya ta turo mini sanarwa cewa an buɗe sabon kwando na ƙirƙirarriyar basira, kuma bisa amsoshina na baya, ya dace da mai ƙarfin hali irina.