Red Steel ko Red Steel 2: wanne ne takobinsa ke jin hannunka?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya da daddare. Ka ce ka sayi Wii na hannu, wato na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo, ka tarar da faifan Red Steel da na Red Steel 2 a wurin mai shago, kuɗinka na guda ɗaya ne, kuma kana tsoron kada ka ɗauki na biyu ka kasa gane labarin saboda ba ka buga na farko ba. Na buga su duka biyun har ƙarshe, don haka bari in faɗa maka abin da hannuna ya ji.

Ka cire wannan tsoron daga ranka. Ban da suna da kamfanin da ya yi su, wato reshen Ubisoft na birnin Paris, babu abin da ya haɗa labaran biyu. Na farko ya fito a Nuwamban 2006, tare da ita kanta Wii. Kai ne Scott Monroe, wani Ba'amurke mai aikin tsaron lafiyar mutane, za ka je gaida mahaifin budurwarka Miyu a wani otal a Los Angeles, sai 'yan yakuza, wato gungun 'yan ta'adar Japan, suka far wa wurin suka sace ta, ka bi sawunsu har Tokyo. Na biyu ya fito a Maris ɗin 2010, kuma wata duniya ce daban: wani gari mai suna Caldera a tsakiyar hamada, inda aka cakuɗa kaboyi da samurai, wato mayaƙan takobi na Japan ta dā. Jaruminsa ko suna ba shi da shi, ɗan ƙabilar Kusagari ne da aka kora ya dawo ya tarar an kusa ƙarar da danginsa. Wasan yana buɗewa ne an ɗaure ka a bayan babur ana jan ka a ƙasa cikin ƙura.

Ainihin bambancin yana cikin rimot ɗin da ke hannunka, kuma a nan nake so ka tsaya ka fahimta, don shi ne zai gaya maka inda kuɗinka ya kamata ya tafi.

Rimot ɗin Wii na asali abu biyu yake amfani da su. Akwai 'yar kyamara a bakinsa da ke kallon fitilun da ke cikin siririn sandan nan da ake ɗorawa a kan talabijin, da ita yake sanin inda ka nuna. Akwai kuma wani ma'auni a cikinsa da ke jin fizga da girgiza. Wannan ma'aunin yana iya cewa an motsa hannu, an kuma motsa da ƙarfi, amma bai iya bin juyawar hannu daki-daki. To da wannan aka gina takobin Red Steel na farko. Idan ka kaɗa rimot, wasan zai yi hasashen ko daga hagu ne ko daga sama, sai ya sako maka wani sara da aka riga aka tsara. Shi ya sa za ka kai sara ka ga takobin ya ɗan jinkirta, ko ya bi wata hanya daban da wadda ka nufa. Mutum yakan gano da wuri cewa ɗan karkaɗa wuyan hannu yana daga zaune ya wadatar, daga nan kuma jin cewa takobi ka riƙe ya tafi.

A 2009 Nintendo ta fitar da Wii MotionPlus, ɗan ƙaramin abu da ake maƙalawa a gindin rimot. A cikinsa akwai ma'aunin da ke jin juyawa, wato ya san ko ka miƙar da rimot tsaye, ko ka kwantar da shi, ko ka karkata. Red Steel 2 ba ya tashi sam sai da shi. Ba zan ce maka takobin yana kwaikwayon kowane motsinka ɗari bisa ɗari ba, don shi ma idan ka kai sara yana daidaita shi zuwa sama, ƙasa, gefe, karkace ko suka. Amma inda ka nufa nan yake zuwa, kuma yana auna faɗin saran. Ɗan yanka da wuyan hannu rauni kaɗan yake yi. Wanda ya fito daga kafaɗa, ka buɗe hannu sosai, shi ne ke farfasa sulke. Na tuna karon farko da na haɗu da masu sulke: ina zaune a kan kujera ina ta 'yan sare-sare, takobi yana ta ƙara a jikin ƙarfe ba ya shiga. Da na miƙe tsaye, na ja kujerar gefe, na ɗaga hannu har bayan kunne na sauke, sai ga ɓallin sulken ya yi tsalle ya faɗi. Tun daga ranar ban sake buga shi a zaune ba.

Abu na biyu, wanda a wurina ya kai na farko nauyi, shi ne yadda kowannensu ya haɗa takobi da bindiga. A Red Steel na farko ba su haɗu ba, zaman doya da manja suke yi. Yawancin wasan harbi ne. Sai ka iso wani wuri da aka tsara, wani ya tare ka da takobi, jarumin ya mayar da bindigarsa ya zaro nasa, ku yi ɗaya da ɗaya. Ba ka da ikon zaro takobi lokacin da ka ga dama, ba ka da ikon harbi a tsakiyar karawar. Hannun dama yana sara, na hagu mai riƙe da Nunchuk, ɗan ƙaramin mariƙin da ake jona wa rimot da waya, yana karewa da guntun takobi. Akwai wani abu a nan da har yau nake yaba masa: idan ka kayar da abokin karawarka ya durƙusa, zaɓi naka ne ka gama da shi ko ka bar shi da ransa, kuma barinsa yana ƙara maka daraja a cikin wasan. Haka ma da bindiga, daga baya za ka samu ikon tsayar da lokaci ka zaɓi makaman da ke hannun mutane ka harbe su, su miƙa wuya ba tare da ka kashe kowa ba. Tunani ne mai kyau da ya cancanci hannu mafi ƙwari.

A Red Steel 2 kuwa babu wani canjin makami da za ka tsaya yi. Ka nuna allo ka ja kunama, bindiga ce. Ka kaɗa hannu, takobi ne. Cikin daƙiƙa guda za ka iya yin duka biyun, kuma mutum biyar ko shida ne ke kewaye da kai. Ka harbi ƙafar wannan ya durƙusa, ka zabura gefe ka zagaya bayan wancan, ka sare shi, wani daga nesa ya buɗe maka wuta ka danne maɓalli ka tare harsasan da kaifin takobi. Akwai wata dabara da ake kira Eagle, inda za ka tara ƙarfi ka kai sara daga ƙasa zuwa sama, mutumin ya tashi a iska, sai ka zaɓa: ko ka bi shi sama da tsalle ka maka shi da ƙasa, ko ka tsaya inda kake ka bi shi da harbi kafin ya sauko. Idan babban abokin gaba ya kawo maka sara mai nauyi, sai ka lura da ta inda ya taho ka riƙe rimot ɗin a tsaye ko a kwance don ka tare. Wannan ba zai yiwu da tsohon rimot shi kaɗai ba. Bindigogin guda huɗu ne kacal, ƙaramar hannu, mai baki biyu, mai aman harsashi da doguwa, amma kowacce tana da ranarta, kuma kuɗin da kake tarawa kana ƙara musu ƙarfi da shi, kana sayen sababbin dabarun sara.

Wajen saiti ma na biyun ya fi. A na farko juya kai yana da nauyi, sai ka kai alamar saitin can bakin allo kafin jarumin ya fara waiwayawa, kuma idan kana son kusanto da abin hari sai ka tura rimot ɗin gaba wajen talabijin, abin da yakan karkatar da saitin da ka riga ka yi. A na biyu akwai maɓallin da ke kulle idonka a kan mutum ɗaya, don haka ko kana wurwura hannu hoton ba ya rikicewa.

Hoto kuwa, na farko ya nemi kamannin gaske da ƙarfin da Wii ba ta da shi, kuma shekaru sun nuna a jikinsa. Na biyu ya koma salon zane mai kauri da launin ja da ruwan ƙasa, yana tafiya sumul a hoto 60 cikin daƙiƙa, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a wasan da ke jiran hannunka.

Ba wai na biyun ba shi da aibi ba ne. Garin Caldera kusan kango ne, ba ka ganin jama'a, ayyukan da ake aika ka suna maimaituwa: je ka fasa kaza, je ka kunna kaza. Ƙofofi suna ɗaukar lokaci kafin su buɗe saboda a lokacin ne wasan ke loda sashe na gaba. Awannin farko ma koyarwa ta yi yawa. Babban rashinsa shi ne babu wasan taro, kai kaɗai ne. Na farko yana da shi, mutum huɗu a allo ɗaya kuna harbin juna. Idan abin da kake nema ke nan, ku taru da ƙannenka bayan isha'i, to wannan ita ce hujja ɗaya da zan yarda da ita ta ɗaukar na farko. Abin da ke ba ni takaici shi ne na farkon ya sayu fiye da miliyan ɗaya saboda ya fito lokacin da kowa ke ɗokin sabuwar na'ura, na biyun da ya gyara kusan komai bai ko kusanci haka ba, kuma har yau ba a yi na uku ba.

Irin wannan tazarar za ka gani tsakanin wasannin Zelda guda biyu da Nintendo ta yi wa Wii. A Twilight Princess na 2006 girgiza rimot tamkar danna maɓalli ne, a Skyward Sword na 2011, wanda shi ma sai da MotionPlus, dole ka duba ta inda abokin gaba ya bar kafa kafin ka sara.

Shawarata Red Steel 2, amma kada ka biya sai ka duba rimot ɗinka. Idan an rubuta Wii MotionPlus INSIDE a ƙasansa, to sabon samfuri ne mai abin a ciki, ka huta. Idan babu, sai ka haɗa da kuɗin ɗan maƙalallen, kuma ka sa mai shagon ya gwada maka a gabanka, don ni na taɓa sayen jabu a wata kasuwa, takobin yana ta sulalewa gefe shi kaɗai. Kana buƙatar Nunchuk ma. Ka tabbata faifan da na'urar 'yan yanki ɗaya ne, domin Wii ta Amurka ba ta karanta faifan Turai. Idan sandan kan talabijin ya lalace kafin ka samu wani, kyandir biyu a kunne, ɗaya a kowane gefe nesa kaɗan da allon, suna yin aikinsa, tunda haske kawai rimot ɗin ke nema. Rana mai shigowa ta taga kuma tana rikita shi, sai ka saki labule. Ka ɗaura igiyar rimot a wuyan hannu, ka duba tsayin fankar sama kafin ka ɗaga hannu, kuma idan kafaɗarka ta fara ciwo, ka shiga saiti ka rage ƙarfin saran da wasan ke nema, akwai wurin yin haka.