Faifan SSD a motar lantarki: abin da na gani bayan wata takwas a Sakkwato

Ranar da allon motata ya fara yi mini tsiya ina kan titin Ahmadu Bello ne, wajen ƙarfe biyu na rana, a watan Afrilu. Na fito daga banki, na tayar da mota, sai allon ya tsaya cak a kan tambarin kamfani, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Motar tana tafiya lafiya lau, amma irin waɗannan motocin komai a allo yake: esi, kyamarar ribas, rediyo, taswira. Babu wani maɓalli da zan murɗa in samu sanyi. Haka na sauke gilasai na tuƙa har Arkilla, iska na dukan fuskata kamar daga bakin tanda, na isa gida riga ta jiƙe sharkaf.

Motar 'yar China ce, ta hannu na saye ta bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya sa fetur ya fi ƙarfin aljihuna. Da sola nake cajinta a gida. Maganar motar lantarki ba baƙuwa ba ce a garin nan, domin tun 2021 hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci a Najeriya, lokacin ɗan garinmu Jelani Aliyu na shugabancinta, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. To amma wurin caji daban, mai gyara daban. Mai rewayar da na saba da shi ya leƙa, ya ja da baya, ya ce: "Alhaji, wanga ba aikina ba ne, kwamfuta ce."

Hankalina ya tashi ƙwarai, saboda na taɓa karanta abin da ya sami Tesla mai ƙera motocin lantarki a farkon 2021, lokacin da ta kira motoci kusan 135,000 a Amurka, Model S da Model X, a kawo su gyara. Ƙwayar ajiya mai giga 8 da ke cikin allonsu ce ta gaji da yawan rubutu, allon ya mutu, kyamarar ribas ta bi shi. Na ce shi ke nan, tawa ma ta kamu, ga shi ko a Kano ban san wanda zai buɗe ta ba.

Ɗan 'yar'uwata ne ya fitar da ni, yaron da ke gyaran wayoyi da kwamfuta. Ya shiga ya zauna, ya buɗe ɗan akwatin gaban fasinja, ya ce: "Kawu, mi ke maƙale ga wanga rami?" Filashi ne da na saya a kasuwa, an rubuta masa giga 256, a kan kuɗin da ya kamata tun a lokacin in yi shakka. A kansa kyamarar motar ke ajiye bidiyo, a kansa kuma na zuba karatu da tafsirai. Ya zare shi, muka kashe mota muka kunna. Allo ya tashi garau kamar ba shi ba.

Ya tafi da filashin ya gwada shi da wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika shi maƙil da bayanai sannan ta dawo ta karanta ta ga nawa ne suka zauna. Bai kai giga 30 na gaskiya ba. Sauran duk ƙarya ce da aka shirya wa ƙwaƙwalwarsa ta riƙa faɗa wa duk na'urar da aka soka shi. Muddin ba ka wuce ɗan gurbin gaskiyar ba, ba za ka ga komai ba, shi ya sa na yi sati uku lafiya. Da kyamara ta cika gurbin, sai sabon rubutu ya fara hawa kan tsoho, jadawalin fayilolin ya dagule. Ita kuwa mota duk lokacin da aka tayar da ita sai ta karanta wannan jadawali, a nan take maƙalewa ta ja allon gaba ɗaya. Araha ba ta ado. Yaron ya ƙara da cewa ko filashin na asali ne ba a yi shi don wannan wahala ba: a kwafi takarda a zare, aikinsa ke nan, ba a yi ta rubutu ana gogewa daga safe har dare ba.

Na ɗan gwada wani tsohon faifan kwamfuta (hard disk) mai juyawa da ke cikin durowata. Ƙas-ƙas kawai yake yi, ya ƙi tashi. Ramin USB na ƙarni na biyu wutar miliamfiya 500 yake bayarwa, ba ta ishe shi ba. Ko da ya tashi ma, faifai mai allura da ramukan unguwarmu ba za su shirya ba.

Daga nan na sayi SSD na tafi-da-gidanka, wato faifan ajiya marar juyawa, mai giga 500, na wani sanannen kamfani, ɗan fale-fale, bai wuce girman katin banki da yawa ba. Shi ne nake son yin magana a kansa.

Kuskuren farko nawa ne. Na soka shi a kwamfutar ofis na yi masa fomat da tsarin jera fayiloli na NTFS, mota ta yi kamar ba ta gan shi ba. Tsarin FAT32 kusan kowace mota na karantawa, amma ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4, kuma ina da bidiyon wa'azi da suka wuce haka. Sai da muka mayar da shi exFAT ta karɓa. Ka kuma lura da ramin da kake sokawa. A tawa, ramuka biyu na kujerar baya caji kaɗai suke yi, na ɓata kusan awa guda ina zargin faifan a banza.

Tun daga lokacin, a gaskiya, allon bai sake daskarewa a wajen tashi ba. Bidiyon kyamara na fitowa tsaf, lambar motar gabanka ana karanta ta. Kwashe bidiyon sati guda zuwa kwamfuta bai kai lokacin shan shayi ba. Ta wannan fuskar kuɗina bai tafi a banza ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne zafi, kuma a nan ne na ga ba don irin ƙasarmu aka ƙera shi ba. Takardar da ke cikin kwalinsa ta ce yana aiki daga digiri 0 zuwa 60. A bazara garin nan na wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe gilasanta aka bar ta a rana daga Azahar zuwa La'asar. Shi kansa faifan in yana rubutu yana ƙara nasa zafin, ga jikinsa ƙarfe. Wata rana a Mayu na fito daga masallacin Juma'a na tarar da saƙo a allo cewa an cire ma'ajiya, alhali ba wanda ya taɓa shi. Na kai hannu sai da na janye, kamar na taɓa marfin tukunya. Bayan esi ya yi minti goma ya dawo da kansa. Sau huɗu ya yi mini haka kafin damina ta sauka, kuma duk lokacin da ya ɗauke, kyamara ba ta ajiye komai. Wato daidai lokacin da mota ke ajiye a waje, ba kowa a ciki, lokacin ne ba ta da mai gadi. Na samo kebul mai ɗan tsawo na sauko da shi ƙasa, kusa da inda iskar esi ke bugun ƙafa, abin ya ragu amma bai daina ba.

Sai matsalar Bluetooth, wadda ta ɗauke ni wata biyu kafin in gane tushenta. Ina waya murya ta riƙa yankewa, ina ta zagin kamfanin layi. Ashe USB na ƙarni na uku na fitar da hayaniya a zangon gigahaz 2.4, inda Bluetooth ke aiki, abin da kamfanin Intel ya yi bayaninsa tun 2012. Maganin ya ba ni dariya: tsohon kebul na ƙarni na biyu, irin wanda ake yarwa. Gudu ya ragu, amma kyamarar mota ba ta buƙatar gudu. Tesla ma da ke da kyamarori birjik megabait 4 a daƙiƙa kawai take nema.

Akwai ƙananan abubuwa da ba laifin faifan ba ne. Na zuba tafsirin azumi na shekaru da yawa, sai motar ta riƙa ɗaukar fiye da minti guda tana lissafa fayiloli kafin ta kunna ko ɗaya. Da na share tarkacen WhatsApp na jera sauran a folda-folda, ta yi sauri. Sunayen da na rubuta da ƙ da ɗ da ɓ kuwa akwatuna-akwatuna suke fitowa a allo, na Larabci kuma alamar tambaya zalla. Haka na zauna dare guda ina sake musu suna, Baƙara ta koma Bakara.

Yanzu na raba musu aiki. Kyamara na ba ta katin memori irin mai juriya da ake yi musamman don kyamarorin tsaro, wanda aka rubuta yana jure har digiri 85, na sa shi a ɗan abin karanta kati. SSD ɗin na bar masa karatu da waƙoƙi, in ya ɗauke da rana ba a yi asarar komai ba. Wanda motarsa ke kwana a rumfa ta yini a rumfa, SSD kaɗai ya ishe shi. Wanda kuwa ke ajiye ta a filin kasuwa ko harabar sakatariya, ni dai kati zan ce ya saya, ya fi sauƙin kuɗi ma, kuma ya gwada shi da manhajar nan tun kafin ya yar da rasit.

Ba zan wanke motar tas ba. Sau ɗaya a hanyar Tambuwal allon ya yi baƙi ba tare da komai a soke ba, sai da na tsaya gefen titi na kashe na jira ya dawo. Ita ma tana da nata.

Satin da ya wuce wani ɗan kabu-kabu ya goge mini ƙofar baya a shataletalen Dandima, ya sauka yana rantsuwa ni na shigo masa. Jama'a suka taru. Na kira shi ya leƙo ta taga, na mayar da bidiyon baya a allo. Ya kalla sau biyu, ya cire hula ya sosa kai, ya ce: "Baba, ashe motar taka gani take yi." Na ce masa ya je, fenti ne kawai.