Fawa bank mai 20,000mAh: masu tauraro uku ne suka faɗi gaskiya

Kafin in tura kuɗin fawa bank ɗin nan sai da na bi sharhin masu sayen da suka ba shi tauraro ɗaya a shafin sayarwar kaf. Yawancinsu ba da kayan suke faɗa ba. Wani ya ce ɗan aike ne ya shanya shi yana ta jira, wata kuma baƙi ta zaɓa aka kawo mata fari. To ina ruwan batir da launi?

Waɗanda suka fi kumfar baki su ne masu cewa an cuce su, wai wayarsu mai 5,000mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) sau biyu da rabi kawai ta cika, alhali sun sa ran huɗu. Nan kam ba laifin mai kaya. Batirin ciki a kan volt 3.7 yake, a ɗaga shi zuwa 5 kafin ya shiga waya, ga zafi na cin nasa kason a hanya. Abin da ke isa wayar bai cika wuce 12,000 zuwa 13,000 ba, kuma yana nan rubuce da ƙananan baƙaƙe a bayansa. Ko a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ka saya, haka za ka tarar.

Da ya iso na yaba. Yana da nauyi a hannu, ba ya zafi, ya riƙe ni da maigida duk daren da aka ɗauke wuta. Har ƙanwata na yi wa tallarsa.

Amma akwai wani bawan Allah mai tauraro uku da ya rubuta layi ɗaya tak, ba zagi ba ihu: ramin cajinsa yana sakwarkwacewa. Wallahi kamar a gabansa aka yi. Daren da zan tafi biki Zariya aka kawo wuta, na jona shi na kwanta hankalina kwance. Da asuba fitila ɗaya ce cikin huɗu ke ƙyaftawa. Kebul ɗin yana ciki, amma bai kama ba. Haka na wuni a gidan biki ina barar caja, hoton amarya ko ɗaya ban ɗauka ba.

Na yi wa mai kayan magana, ya ce, "Hajiya, canza kebul." Na canza, sammakal. Na sake tuntuɓarsa, wai lokacin mayarwa ya wuce. Yanzu sai na ɗaure kebul ɗin da robar gashi na jingina shi da bango kafin ya karɓi caji. Da uku na yi niyyar ba shi, amma duk na tuna Zariya raina sake ɓaci yake. Biyu na ba shi.