Wata bakwai da kocin intanet: sharhina bayan Ironman na Afirka ta Kudu

Mutane da dama sun tambaye ni ko kocin nan da na ɗauka ta intanet ya ci kuɗinsa. Na yi ta jan ƙafa wajen ba da amsa, don duk ranar da na zauna zan rubuta sai in ji zuciyata ta sauya magana. Yau dai zan faɗi abin yadda yake. Sunansa da na kamfaninsa ba zan kama ba. Masu wannan harka a Abuja ba mu da yawa, sun san wanda nake nufi, sun kuma san abin da yake karɓa duk wata. Da dala ake biya, ni kuma na biya a daidai lokacin da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Duk sanda saƙon banki ya shigo sai na ji shi har cikin ƙashina.

Gasar da na shirya wa ita ce Ironman da ake yi a Gqeberha, garin da muka fi sani da tsohon sunansa Port Elizabeth. Ninƙaya kilomita 3.8 a teku, ka fito ka hau keke kilomita 180, ka sauka ka yi gudu kilomita 42.2, duk a yini ɗaya, ga wa'adi a kanka. Watanni biyar na farko ba ni da abin cewa a kansu. Yana turo jadawalin mako, ina yi, agogona yana tura masa sakamako, yana gyarawa. Kowane koci zai iya wannan.

Abin da ya sa na fara ganin girman mutumin nan azumi ne.

A shekarar an ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, gasa kuma tana cikin Afrilu, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Wanda ya san wannan harka ya san abin da hakan ke nufi. Makonnin da suka fi kowanne nauyi, waɗanda ake hawan keke awa biyar ko shida a jere, ana yin su ne kamar wata guda kafin gasa. Ke nan duk sun faɗo tsakiyar Ramadan, a zafin Maris na Abuja, wanda ko a inuwa kake zaune sai ka jiƙe sharkaf. Na daɗe ina tunanin yadda zan gaya masa. Na ɗauka zai ce ko dai in ajiye azumi ko in haƙura da gasar, ni kuwa na riga na san wanda zan zaɓa, kuɗin rajista da na tikiti su tafi. Har uwargida ta tambaye ni wata rana muna cin abincin dare, ta ce, "Abban yara, wai Baturen nan ya san azumi na tafe kuwa?" Na ce mata yau zan rubuta masa.

Amsarsa ta zo washegari, kuma tambayoyi ne zalla. Ƙarfe nawa ake shan ruwa? Ƙarfe nawa alfijir ke fitowa? Sallar dare da nake magana a kai minti nawa take ɗauka, kuma a tsaye ake yin ta? Da me na saba buɗa baki? Na gaya masa muna shan ruwa wajen 6:40 na yamma, tarawihi muna idarwa kafin tara, sahur kuwa kafin biyar da kwata na gama. Kwana biyu bayan nan ya turo sabon jadawali, ya juya min dare ya koma rana.

Ninƙaya ya rage ta zuwa minti 40, ya ajiye ta dab da magariba, don ina fitowa daga ruwa ba da jimawa ba a kira salla. Gudu ya mayar da shi bayan tarawihi. Dogon hawan keke kuwa ya ce daren Juma'a wayewar Asabar, a cikin ɗaki, a kan ƙarfen nan da ake ɗaura keke a kai a yi ta murzawa a wuri ɗaya, daga tara da rabi na dare har biyu da rabi. Dalilinsa ya gamsar da ni. Ya ce a doguwar gasa irin wannan, ciki ma sai an horar da shi kamar ƙafa. Mutum yana buƙatar ya riƙa zuba wa jikinsa giram 60 zuwa 90 na abinci mai ba da kuzari duk awa ɗaya yana kan keke, wanda bai saba ba kuwa ranar gasa cikinsa zai murɗa ya kasa gudu. Da rana ba zan iya wannan atisayen ba tunda bakina a rufe yake, da dare kuwa ba abin da ya hana.

Ba zan manta daren 19 ga azumi ba. Na jera gorunan ruwa huɗu a kan teburin guga, ɗaya da zuma da ɗan gishiri, ga faranti da dabino 20 da na cire wa ƙwallo, ga 'yan ledojin jel mai ba da kuzari irin wanda za a raba a gasar don cikina ya san su. Wajen sha biyu aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Kafin in sauka in tayar da janareta gumi ya riga ya kwanta a kan tayil kamar an zubar da bokiti. Uwargida ta taso daga barci ta riƙe min tocila, ta ce, "Sannu, Allah ya ba da lada biyu." Na koma na ƙarasa awa biyar ɗina. Ya ce in riƙa hawa sikeli kafin in fara da bayan na gama, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ke nan ta ruwa da na yi asara, kuma in mayar da ita kafin alfijir. Daren nan kilo biyu na rasa duk da abin da na sha. Na zauna da kunun gyaɗa da ruwa ina kurɓa a hankali har aka kira assalatu.

Da goman ƙarshe ta zo, ban ma roƙe shi ba, shi ya tuna na taɓa ambata masa tahajjud. Ya ce dama lokacin fara rage atisaye ya yi, don jiki ya huta kafin gasa, saboda haka in tafi masallaci da kwanciyar hankali. Wallahi a ranar da wani ya ce in ba shi tauraro, biyar zan ba shi in ƙara da addu'a. Azumina ko ɗaya ban sha ba, ƙarfina kuma bai ragu ba.

To amma ga inda zuciyata ke ɓaci duk sanda na tuna.

Tun watan farko na gaya masa ban taɓa shiga teku ba. Duk ninƙayata a kwamin otal nake yi, mai tsawon mita 25, inda kilomita 3.8 ke nufin kai da kawowa sau 76, ruwa garai-garai, ga layi a ƙasa kana bi, ga bango kana dafawa duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Tafkunan da ke kusa da mu ba na shiga saboda tsoron tsargiya. Sau uku na tambaye shi ko in je Legas ko da na kwana biyu ne in gwada ruwan gishiri. Sau uku yana cewa lokacina a kwami yana da kyau, kada in damu. Rigar robar nan ta ninƙaya da na saya, ya ce in gwada ta sau ɗaya a kwami ya isa. Na gwada na minti goma, zafi ya kore ni na tuɓe.

Na sauka Gqeberha kwana uku kafin gasa. Na je bakin ruwa a Hobie Beach, na ga igiyar ruwa na tasowa tana dukan ƙafafun gadar Shark Rock, iska na kaɗa tutoci kamar za ta yage su, gabana ya faɗi. Nan take na rubuta masa. Shiru. Washegari na sake rubutawa, na ce ina cikin fargaba, ya gaya min ta inda zan shiga ruwan da yadda zan yi da sanyi. Sai wani saƙo ya shigo daga ofishinsu, irin wanda ake tura wa kowa, wai suna yi min fatan alheri, in yarda da atisayen da na yi. Daga baya na ji wai yana wata gasa da wasu 'yan wasansa. Wata bakwai ina biyan mutum, a kwana ukun da na fi buƙatarsa ya kasa ba ni minti biyar. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Safiyar gasa, ina faɗawa ruwan sanyi ya ƙwace min numfashi. Ƙirjina ya ɗaure, rigar ta shaƙe min wuya, na ɗaga kai ban ga komai ba sai hannaye da kumfa. Na haɗiyi ruwan gishiri sau biyu. Kafin in kai alamar farko da ke yawo a kan ruwa na riga na fara salati da ƙarfi. Na kama hancin ɗan kwalekwalen masu ceto, wanda doka ta yarda ka riƙe ka huta muddin ba zai ja ka gaba ba. Yarinyar da ke ciki, wadda ba ta fi sa'ar 'yata ta fari ba, ita ta ce in ɗan ja wuyan rigar ruwa ya shiga, in fitar da numfashi a hankali, in daina kallon mutane in riƙa duban wani dogon gini a bakin gaɓa. Abin da kocina ya kamata ya koya min tun a Abuja, a tsakiyar teku na koye shi daga bakin wadda ban biya ko sisi ba. Wa'adin ninƙaya awa 2 da minti 20 ne. Na fito saura ƙasa da rubu'in awa, ni da a kwami nake gamawa cikin awa ɗaya da rabi. Bayan wuyana kuwa rigar ta goge shi har ya saɓule, don ba wanda ya ce min ana shafa mai a wurin. Tabon yana nan har yau.

A kan keke ma na biya bashin wata gudan da na yi ina murzawa a ɗaki. Fanka ba iska ba ce. A gefen teku iskar garin nan ta gefe take bugowa, sau da yawa na ji keken na neman kuɓuce min, na kasa kwantawa a kan sandunan gaba yadda na saba. Wannan kam ban ɗora masa laifin duka ba, azumi ne ya tilasta, amma da ya ce min in fita titi ko sau biyu bayan Sallah da na fita.

Gaskiya kuma ba ta da daɗin ɓoyewa: cikina bai ba ni matsala ba ko sau ɗaya. Na sauka daga keke, na haɗa azahar da la'asar ƙasaru a gefen tanti, na ɗaura takalmi. Daga kilomita 25 na gudu na fara wuce mutanen da suka bar ni a baya tun safe, wasu sun durƙusa a gefen hanya suna amai, wasu suna tafiya riƙe da ciki. Ni kuwa dabinona da jel ɗina suna shiga lafiya lau kamar yadda suka saba shiga ƙarfe ɗaya na dare a ɗakina. Na tsallake layin ƙarshe da dare, cikin awa 15 da 'yan mintoci. A lokacin, Allah ya sani, shi na fara tunawa bayan iyalina.

Saƙonsa na taya murna ya zo bayan kwana biyu. Bai ce komai ba game da saƙonnina biyu da ya bari ba amsa. Bayan mako guda kuma banki ya sanar da ni an sake cire kuɗin wani watan, alhali tun a Maris na rubuta cewa gasa na ƙarewa mun gama. Sai da na yi wasiƙa huɗu kafin su dawo da kuɗin, lokacin kuma canji ya motsa, abin da ya dawo hannuna bai kai wanda ya fita ba.

Wani ƙanena da ke shirin rabin wannan gasa, mai kilomita 1.9 da 90 da 21.1, ya tambaye ni, "Yaya, in ɗauke shi?" Na ce masa idan atisayenka zai ratsa azumi, ban san wanda ya kai shi iya tsara dare ba, ka ɗauke shi na watannin nan. Amma ka nemi mai koya maka ninƙayar teku daban, ka je Legas ka shiga ruwan da rigarka ko ya ce ba sai ka je ba, kuma ka cire katinka daga shafinsu tun kafin ka hau jirgi. Tauraro uku na ba shi. Jiya da nake aske na shafa tabon wuyana, na ji kamar in koma in rage ɗaya.