Littafin da na saya wa ɗiyata, ni na ƙare da shi

Gaskiya don ɗiyata na sayi Number the Stars na Lois Lowry, saboda malaminsu ya ce ta riƙa karanta labarai na Turanci a lokacin hutu, to sai na ce bari in ɗan leƙa shafi biyu uku in ga ko akwai abin da bai dace da yarinya 'yar shekara 11 ba, wallahi ban ajiye shi ba sai wajen ƙarfe ɗaya na dare. Ƙaramin littafi ne, babi 17, Turancinsa ba wahala, a 1989 ya fito kuma ya ci kyautar Newbery ta littattafan yara a Amurka a 1990.

Labarin a Kwapanhagan ne babban birnin Denmark, shekarar 1943, lokacin sojojin Hitila sun mamaye ƙasar tun Afrilun 1940. Annemarie yarinya ce 'yar shekara 10, ƙawarta Ellen Bayahudiya, maƙwabta ne gini ɗaya suke. Da labari ya zo cewa za a kwashe Yahudawa sai iyayen Annemarie suka karɓi Ellen suka ce 'yarsu ce. Inda ya fi taɓa ni shi ne daren da sojoji suka buga ƙofa, Ellen na sanye da sarƙa mai tauraron Yahudawa ta kasa ɓallewa, Annemarie ta fizge ta ta dunƙule a hannu, har sojojin suka gama bincikensu suka fita ba ta buɗe hannun ba, da ta buɗe ga shatin tauraron nan kwance a tafinta. Ni uwa ce, a nan na ajiye littafin na je na duba yarana suna barci, na daɗe tsaye a kansu.

Sai kuma maganar hankicin da aka shafa wa busasshen jinin zomo da hodar ibilis don karnukan sojoji su kasa shinshino mutanen da aka ɓoye a ƙarƙashin daɓen kwale-kwalen masunta. Na ɗauka ƙirƙira ce kawai, ashe marubuciyar ta yi bayani a ƙarshe cewa wannan ba daga kanta ba ne.

Bayan na gama na shiga intanet na karanta asalin tarihin. Wani jami'in diflomasiyyar Jamus mai suna Georg Duckwitz shi ya fallasa shirin a ƙarshen Satumban 1943, cikin 'yan makonni aka tsallaka da Yahudawa sama da 7,000 zuwa Suwidin ta ruwa, waɗanda aka kama ba su kai 500 ba, su aka kai sansanin tsare mutane na Theresienstadt. To a nan ne nake da ƙorafi a kan littafin fa. Ya wanke labarin ya yi fes da yawa. Masunta da dama kuɗi suka karɓa kuma ba kaɗan ba kafin su ɗauki mutum, sai da aka yi ta karo-karo ana biya wa marasa hali, ban ce na zarge su ba tunda su ma ransu da jirginsu suka saka a haɗari, amma ya kamata a faɗa. Sannan a Gilleleje, garin da kawun Annemarie yake kamun kifi a labarin, an kama mutum kusan 80 da suka ɓuya a saman silin na coci a watan Oktoban 1943. Na san na yara ne, amma yaron da zai iya jure labarin Peter, matashin da ke taimakon Yahudawa a littafin, da aka harbe zai iya jure wannan ma.

Takardar kwafin da na samu kuma ba ta da kauri, har bangon ya fara naɗewa, ku duba kafin ku biya.

Duk da haka ina ba iyaye shawara su saya, amma don Allah kar a miƙa wa yaro a tafi, a zauna da shi. Ni da tawa mun yi kwana 6 muna karantawa bayan isha'i, ina fassara mata inda ya yi mata nauyi, da muka zo wurin sarƙar nan ta ɗago ta ce "Mama, da mu ne za mu buɗe musu ƙofa?" Na ce mata in sha Allahu za mu buɗe, muka juya shafi.