A Quiet Place na farko da na biyu: wanne ya fi kama zuciya?

Wani ɗan uwa a zauren nan ya tambaya ko kashi na biyu na fim ɗin A Quiet Place ya kamo ƙafar na farko, kuma ko zai iya farawa da shi kai tsaye. Malam, kada ka fara da na biyu. Yana ɗorawa ne daidai inda na farko ya tsaya, kuma in ba ka ga abin da ya sami uban gidan ba, rabin zafin labarin zai wuce ka.

John Krasinski ne ya ba da umarnin duka biyun. Na farko ya fito a 2018, kusan minti 90 ne, kuma gida ɗaya ya riƙe, na iyalin Abbott, a duniyar da wasu makafin dodanni suka kusa ƙarar da mutane, suna farauta da kunne. Shirun nan shi ne ƙarfinsa. Mutanen gidan ba sa sa takalmi, sun zuba yashi a hanyoyin da suke bi, da hannu suke magana saboda 'yarsu Regan kurma ce. Millicent Simmonds da ta fito a matsayin Regan kurma ce a zahiri, kuma ana ganin hakan a yadda take motsa hannu da fuska. Ƙusa ɗaya da ta fito a matakalar ƙarƙashin gida ta fi dodannin tayar min da hankali, don tun da aka nuna ta ka san wani zai taka, kuma Emily Blunt, wadda ta fito a matsayin uwar gidan, ce ta taka, ga naƙuda ta kama ta, ga ba halin ihu.

Na biyu an so ya fito a Maris na 2020, annobar korona ta kai shi Mayun 2021. An zuba masa kuɗi fiye da na farko nesa ba kusa ba, kuma ya nuna. Buɗewarsa, inda aka koma ranar farko da dodannin suka sauko ana tsakar wasan yara, ta fi duk wani wurin gudu da ke cikin na farko. Amma daga nan kana ganin dodannin ƙuru-ƙuru da rana, abin da ido ya saba da shi kuwa tsoronsa raguwa yake.

Inda na biyu ya yi zarra shi ne ba wa Regan ragamar labarin. Tun a ƙarshen na farko ta gano cewa ƙarar na'urar jinta na raunana dodannin, sai ta fita neman gidan rediyo a wani tsibiri don ta watsa ƙarar ga kowa. Cillian Murphy, wanda ya fito a Emmett, mutumin da ya fid da rai da 'yan Adam, ya yi mata rakiya, kuma zamansu tare, shi bai iya maganar hannu ba, ita ba ta jin sa, shi ne wurin da na fi so.

Ni dai na farko na fifita. Na biyu ya raba labarin gida uku a lokaci guda, har ɓangaren Marcus, ɗan uwan Regan, da jaririn gidan a tsohuwar masana'antar ƙarfe ya zama kamar cike gurbi. Miyagun mutanen da Regan da Emmett suka tarar a bakin ruwa ma an taɓa su sama-sama an wuce, alhali Emmett ya daɗe yana gargaɗi a kansu.