Wasiƙa daga Brisbane: motar iyali da ke shiga rairayi

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Umma, da iyali, da mutan gida baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na ga saƙonka bayan hoton motar da maman yara ta tura wa Umma. Abu biyu ka tambaya: me ya hana ni sayen Prado na sayi Pajero, kuma ko zan nemo maka irin tawa in sako a jirgin ruwa. Bari in fara da ta biyun don amsarta gajera ce. Ba zai yiwu ba. Mutanen Ostireliya hannun hagu suke bi, sitiyarin motocinsu yana dama. Najeriya kuwa tun 1972 ta koma bin hannun dama, kuma doka ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba. Na san akwai masu juya sitiyari, amma ba zan so ka ɗauki Umma a motar da aka yanke aka sake haɗawa a daidai wurin da ran mutum ya rataya ba.

Tambayar farko ita ce mai tsawo, kuma ina so in ba ka labarinta filla-filla, tunda kai ma kana neman motar da za ta kai yara makaranta a birni, ta kuma shiga gonar fadama da damina.

Mu biyar ne yanzu, ƙaramar motarmu ta yi mana kaɗan. Ban da haka, mutanen jihar Queensland sun ɗauki fita daji da bakin teku tamkar yadda muka ɗauki zuwa ƙauye da sallah, yaranmu kuma sun fara tambaya me ya sa mu ba ma zuwa. Da muka zauna da maman yara muka ƙirga, kwanakin da motar za ta taka yashi a shekara ba za su wuce goma sha biyar ba. Sauran kwanakin duk makaranta ce, da kasuwa, da masallacin Juma'a, kuma ita ce za ta fi tuƙa ta. Wannan lissafin ne ya riƙe ni duk lokacin da idona ya so ya rufe a kan wata ƙatuwar mota.

A gida duk mota mai tsayi jif muke ce mata. Nan sai da na koyi rarrabewa. RAV4 da CR-V da Highlander, wadda a nan ake kira Kluger, wasunsu suna jan tayoyi huɗu, amma ba su da giyar taimako, wato giyar ƙarfi ta ratsa yashi da laka, cikinsu kuma yana kusa da ƙasa. A kan titin ƙasa mai kyau ba su da laifi. A rairayi mai zurfi cikin nasu ne ke zama a kan yashi, tayoyin su yi ta juyawa a banza. Masu giyar taimako ta gaske da suka dace da iyali su ne irin su Prado, Pajero, Fortuner, Isuzu MU-X da Ford Everest. Nissan Patrol na zamani mai silinda takwas na cire shi tun farko saboda shan fetur, kuma a Queensland kuɗin rajistar mota na shekara yana ƙaruwa ne da yawan silinda.

Yanzu ga inda sayen mota a nan ya sha bamban da namu. Ka tuna ranar da muka je sayen motarka ta farko, wadda aka shigo da ita ta Kwatano? Dillali ya kawo mu, bakanikenka ya buɗe gaba, ya kasa kunne, ya taka totur, ya dubi hayaƙin salansa, ya ce a biya. Kunnensa da amanarsa muka saya. A nan abin da mutum ke fara nema shi ne tarihin motar a rubuce. Gwamnatin tarayya tana da wani kundi a intanet da ake kira PPSR. Ka shigar da lambar cesis, ka biya dalar Ostireliya biyu, nan take a turo maka takarda da ke nuna ko ana bin motar bashi, ko an taɓa kai rahoton sace ta, ko kamfanin inshora ya taɓa yanke mata hukuncin cewa ta lalace. Dala biyu kacal, Yaya. Kuɗin bai kai na kofin shayi ba.

Wannan takarda ta tsamo ni daga rami. Mota ta farko da ta kwanta mini Prado ce fara tas, a hannun wani mutum mai fara'a da ya ba ni ruwa ya zaunar da ni. Farashin ya yi ƙasa da na kasuwa. Da na duba lambar a waya kafin in bar ƙofar gidansa, sai ga bashin kamfanin lamuni a kanta. A dokar nan bashin yana bin motar ne, don haka in mai ita ya daina biya, a ƙofar gidana za a zo a ɗauke ta. Ban zarge shi da mugun nufi ba, wataƙila ya yi niyyar biya da kuɗin cinikin. Amma bai faɗa mini ba sai da na tambaya, wannan kuwa ya ishe ni.

Ta biyun ta fi koya mini darasi. An ɗaga ta sama, an sa mata manyan tayoyi, da ƙarfen kariya a gaba saboda karo da kangaru, da bututun shaƙar iska a gefen gilashi don tsallaka rafi. A hoto ba ta da na biyu. Na biya wani mai duba motoci, wanda ba ruwansa da mai sayarwa, ya zo ya shiga ƙarƙashinta da fitila. Bai yi minti goma ba ya kira ni in leƙa. An fesa wa cesis baƙin fenti sabo, amma da ya zura yatsa cikin ramukan ƙarfen sai ga yashin teku yana zubowa, haɗe da ɓawon tsatsa. Mu da muka tashi a Arewa ba mu san wannan ciwon ba, don busasshiyar iskarmu tana barin ƙarfe ya shekara talatin. A nan gishirin teku ne ke cin mota daga ciki, bodi na ƙyalli ƙasa na ruɓewa. Mutumin ya ƙara mini da cewa tun ambaliyar da ta ci Brisbane a watan Fabrairun 2022 yake ɗaga shimfiɗar ƙasan kowace mota ya shinshina, ya kuma duba ƙusoshin kujeru, don laka da tsatsa a nan suke ɓuya. Daga ranar na daina kallon motocin da aka yi wa ado da kayan daji. Wanda ya kashe dubbai a kan irin waɗannan kaya ba don ya ajiye motar a inuwa ya yi ba. Na koma neman wadda wani dattijo ko wata uwa ta yi ta kai yara makaranta da ita.

Sai littafin sabis. Kowace mota tana zuwa da shi, kowane juyen baƙin mai da hatimin gareji da kwanan wata da kilomita. In an mayar da mita baya, littafin ne ke tona asiri, don lambobin ba za su jeru ba. Na ga motoci masu kyau da na bari don kawai akwai giɓin shekara biyu a littafinsu.

Za ka ce wannan tsoro ya yi yawa, in ta lalace ai sai a gyara. A gida gaskiyarka ne. A nan garejin unguwarmu dala 150 yake karɓa a kowace awa, ban da kuɗin kaya. Ka lissafa a canjin yau. Kuma ba sa gyara abu, canja shi suke yi gaba ɗaya. Wallahi nan ne nake kewar gida. A Kano in wani ƙarfe ya karye, bakanike zai hau babur ya je Ƙofar Ruwa ya samo na hannu, in babu a kai wa mai walda ko mai injin sassaƙa ƙarfe a ƙera, kafin la'asar mota ta tashi. Irin basirar da ke hannun yaran garejinmu ban ga kamarta a nan ba, kuma ba ma biyansu abin da ya kamace su. Saboda haka lissafin ya juye: a gida kana iya sayen mota mai ciwo da araha ka yi ta jinya, a nan arahar farko ita ce ke kai mutum ƙasa.

To, Prado ko Pajero? Ban raina Prado ba ko kaɗan. Samfurin da aka fara a 2009 mota ce da ta amsa sunanta, kuma wadda safayarta ke rataye a ƙofar baya tankinta biyu, lita 150, abin da ke da amfani a ƙasar da ake yin tafiyar ɗaruruwan kilomita ba gidan mai. Sai dai farin jininta ya sa tsadarta. Mutanen nan har suna da abin da suke kira harajin Toyota, wato ƙarin da kake biya don sunan kawai. Duk Prado da na gani mai shekaru da kilomita irin na motar da na saya ta ɗara ta da fiye da dala dubu goma. Akwai kuma shari'ar da masu motoci suka kai gaban Kotun Tarayya a kan matatar hayaƙi ta Prado da HiLux da Fortuner masu dizal da aka sayar tsakanin Oktoban 2015 da Afrilun 2020, don haka mai sayen na waɗannan shekarun sai ya nemi shaidar an yi mata gyaran.

Pajero kuwa an daina ƙera ta a 2021, wannan ya sa wasu ke gudunta, farashinta ya sauka. Amma ta daɗe a kasuwar nan, kayan gyaranta ko'ina akwai. Ita ce motar da ta ci tseren Dakar sau 12, tseren da a da yake ratsa Agadas da hamadar Tenere. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ana iya sa mata jan tayoyi huɗu a kan kwalta ba tare da an cutar da giya ba, ranar ruwan sama maman yara ta sa abinta ta tafi. Na sayi ƙirar 2017, injin dizal mai lita 3.2, kilomita dubu 138, a kan dala dubu 31. Tana da aibunta. Injin yana da ƙara, cikinta tsohon yayi ne, tankinta lita 88 ne kawai, kujerun can baya kuma na yara ne, babba ba zai jure doguwar tafiya a kansu ba.

A wurin dila mai lasisi na saya, ko da yake ya fi tsada kaɗan. Dokar Queensland ta ba mai saye kwana ɗaya na aiki ya sake tunani, ta kuma tilasta wa dila garanti: motar da ba ta kai shekara goma ba kuma ba ta kai kilomita dubu 160 ba, wata uku ko kilomita dubu biyar, duk wanda ya riga. Dole kuma a ba ka takardar shaidar lafiyar mota. Sai harajin canja suna, dala uku a kowace ɗari ga mai silinda huɗu. Babu la'ada, babu "a ba yara na goro". Amma babu irin cinikin nan namu mai daɗi, na albarka da sallamawa. Dala ɗari takwas kawai na iya ragewa.

Kafin in sa hannu sai da muka ɗauko kujerun yara daga tsohuwar mota muka gwada. Doka ce a nan, yaro sai ya kai shekara bakwai yana zama a kujerarsa ta musamman, kuma tarar ba ta wasa ba ce. Kujeru biyu da babbar yayarsu a tsakiya sun shiga layi ɗaya, ƙofa ta rufu. Da ba su shiga ba, da cinikin ya mutu a nan. Wani abin da dila bai faɗa ba sai bakanike: injin dizal na zamani ba ya son gajerun tafiye-tafiye kullum, matatar hayaƙinsa tana toshewa. Don haka duk mako nakan hau babbar hanya da ita na kamar rabin awa don ta ƙone tokar.

A hutun da ya wuce muka kai ta K'gari, tsibirin da a da ake kira Fraser, wanda ya fi kowane tsibirin yashi girma a duniya, tsawonsa ya kai kilomita 120. Sai an sayi izinin shiga da mota, sannan a hau kwale-kwalen dakon motoci daga Inskip Point. Kafin mu taka yashin na rage iskar tayoyi zuwa 18, sai na tuna direbobin Land Rover na kasuwannin ƙauye da muke gani muna yara suna yin haka da tsinke, ba ma'auni. Bakin tekun hanya ce a hukumance, da iyakar gudu ta kilomita 80, da 'yan sanda, kuma sai an duba lokacin janyewar ruwa kafin a bi. Sau ɗaya muka kafe a wata hanyar cikin tsibirin. Na sa taimako, na tone gaban tayoyin da shebur, na ja baya a hankali, ta fito. Yaran har yau labarin suke yi. Da muka dawo, kafin mu sauke kaya sai da na wanke ƙarƙashinta da ruwan daɗi har sau biyu.

Game da taka motar, Yaya, shawarata ta bambanta da abin da na yi wa kaina. A wurinku Toyota ta fi, don kowane gareji daga Kano har Haɗeja ya san cikinta, kuma ka nemi mai fetur wadda ba ta da tarkacen lantarki da yawa. In 'yar Amurka ce, kafin ka ba da ko sisi ka turo mini lambar cesis ɗin, mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, zan biya a binciko ko ta taɓa haɗari ko ambaliya a can. Ka sa bakanikenka ya kwanta a ƙarƙashinta da fitila, don wasu jihohin Amurka gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Kuma kada ka yarda da gwaji a kan kwalta kawai. Ku fita bayan gari inda yashi yake, a sa taimako a gabanka, ka ga ta shiga ta kuma fita.

Ka gaishe mini da Umma, ka ce mata jikokinta suna tambayarta. Ina jiran lambar.

Naka ƙane.